Duwatsu Uku a Ƙofar Kamfanin Fata

Waɗanda suke wurin a ranar su ne: ni Asabe, wadda ma'aikatan Challawa ke kira Inna mai tuwo, 'yata Rabi, da take taya ni sana'ar tun rasuwar mijinta, Malam Idi mai gadin ƙofar kamfani, mutumin Tasawa ta ƙasar Nijar, Hamisu mai kula da janareta, wanda magana ba ta taɓa wucewa ta gabansa bai tare ta ba, sai Malama Zainab daga ofis, da takarda a hannu. Akwai kuma akuyar mai faci, ba ta fashin zuwa. Na ambace ta ne don ita ta fi kowa morar ranar.

Ni ban taɓa shiga aji ba. Rabi ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ce ta rubuta har inda aka zo kan laifinta. Abin da ya sa na zauna yin wannan, 'yan matan unguwarmu ne a Panshekara da suke zuwa wai in koya musu sayar da abinci a bakin kamfani. Wai ai ba wani abu ba ne, a dafa a zuba. To ku saurara.

Kamfanin da nake zama a ƙofarsa na fata ne, ana jemewa ana aikawa ƙasar Turawa. Mako guda kafin wannan rana aka aiko mini da saƙo. Masu sayen fatar za su turo baƙi su duba yadda ake aiki, kuma an ce can wajensu ana shirin ɗora haraji a kan kayan duk wanda yake yawan hayaƙi, saboda wai hayaƙi ne yake ɗumama duniya. Manyan kamfani suka zauna suka duba duk hayaƙin da yake tashi a wurin, suka ga wanda ya fi sauƙin kashewa nawa ne. Aka ce ko in koma gas, ko in tashi daga bakin ƙofa. Suka ba da aron murhun gas da silinda ɗaya, a gwada ranar Laraba. In ya yi, in zauna. In bai yi ba, akwai mai shinkafa da wake a ƙofar kamfanin gaba, tun bara take kallon wurina.

Aikin farko da na yi a wurin nan hura wuta ne. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Kulu, ita ce mai wurin, kuma na yi damina guda da rani guda ba ta bar ni na taɓa muciya ba. Wuta kawai. In tura itace, in janye itace, in kwashe toka. Da na yi ƙorafi, ta ce wanda bai san wuta ba gari kawai zai ɓata mata. Duwatsun murhun nan uku ita ta kafa su. Biyu tsayinsu ɗaya, na ukun ya ɗan gaza, kuma ba kuskure ba ne. Gajeren yana ɓangaren da mai tuƙi take zama, don tukunya ta ɗan rusuna ta fuskance ta. Ki dafe dutsen da tafin ƙafa, ki kama muciya da hannu biyu, ki ja da bayanki gaba ɗaya. Tukunyar da take ciyar da maza fiye da hamsin ba a tuƙa ta da hannu, da ƙugu ake tuƙa ta. Ƙarfin da kika sa, dutsen ne yake shanye shi.

Itace kuma ba duka ne itace ba. Kirya da marke su ne na tuwo, suna ci a hankali, su bar garwashin da zai sulala miki tuwo bayan kin janye wutar. Darbejiya tana ci da sauri kamar tana da wurin zuwa, ta miya ce. Ɗanyen itace hawaye ne kawai. Lokacin Gwaggo da jaki ake kawo mana kirya daga ƙauyukan bayan kogi, mai jakin ya fito bayan asuba ya iso kafin hantsi. Daga baya ta koma sai a mota. Yanzu in na tambayi mai faskare daga ina itacen, sai ya ambaci sunan wani daji da ban taɓa ji ba, kuma rabin abin da yake saukewa reshen mangwaro ne. Wannan ba a rediyo na ji ba, a hannuna ya wuce.

Sai ki san mai cin abincinki. Jiniya tana kaɗawa ƙarfe ɗaya, mutum zai fito ya ci, ya yi salla, ya koma, duk a ɗan lokaci kaɗan. Ba ya jiran ki. Masu ɗaukar jiƙaƙƙiyar fata tuwon dawa suke so mai tauri, wanda zai zauna musu har tashi. Masu aikin ramin jiƙo, maganin fata ya tsattsage musu hannu, in suka tsoma shi a miya mai yaji sai kin ga babban mutum yana cije leɓe. Waɗannan ba sa roƙon cokali, kunya suke ji. Ke za ki duba hannun mutum tun yana miƙo kwano, ki sa masa cokalin ba tare da kin ce komai ba. Kuma ki sani, ƙafar ma'aikaci saurin koyon hanya gare ta. In ya zo yau babu, gobe babu, jibi ba za ki gan shi ba, ya saba da wani benci.

Shekarar da ta fi kowace muni gare ni, wata bazara ce bayan rasuwar Gwaggo. Yadda ta koya mini, ana gama miya da hantsi, a ɗumama ta sau ɗaya kafin jiniya, ragowar ta kai la'asar lafiya lau don masu canjin aiki. Haka muka yi shekara da shekaru. A wannan bazarar na zuba wa mutanen la'asar miyar kuɓewa, ashe ta juya. Hancina ya saba da warin fata, ban ji ba. Washegari layin banɗakin kamfani ya fi layin tuwona tsawo. Babu wanda ya zage ni, daina zuwa kawai suka yi. Sai da na yi kwanaki ina ɗaukar ragowar miya a gabansu ina juyewa a kwata, kowa yana gani, kafin suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan, in bazara ta shigo, sau biyu nake tafasa miya, wani lokaci sau uku. Gwaggo ba ta taɓa yin haka ba, kuma ba ta fi ni tsafta ba.

To ranar Larabar. Da hantsi Malama Zainab ta fito da kanta ta ga an haɗa murhun. Ƙarfe ne mai ƙafa huɗu sirara, kamar na zalɓe. Rabi sai murna take yi.

Ta ce, “Inna, yau ku zauna ku huta. Murɗawa kawai ake yi.”

Na ce to. Na ja kujera na zauna kusa da duwatsuna, waɗanda ranar ce ta farko da rana ta ɗaga ta same su da sanyi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, miya ta yi kyau a gas. Ta tafasa da wuri, babu toka a ciki, kuma Rabi ta gama ba ta share ido ko sau ɗaya ba. Ni idona na hagu hayaƙi ya riga ya rage masa gani. Ba na ɓoye wannan.

Ana jiran ruwan tuwo ya tafasa sai Hamisu ya iso yana goge baƙin mai a hannu. Ya dubi murhun, ya dubi sama, ya ce, “Alhamdu lillahi. Har na ji sanyi-sanyi. Malam Idi, ɗauko mini bargo, Inna ta gyara duniya.”

Malama Zainab ta ce, “Hamisu, ba abin wasa ba ne.”

“Wa ya ce wasa ne? Malama, zafi tun kakannin kakanninmu ake yin sa. Rana ta Allah ce, Shi yake turo ta. Mutanen nan sun ƙona gawayi sun ƙona mai har suka ƙoshi, suka gina garuruwansu. Mu da muka fara tayar da inji jiya jiya, sai aka ce duniya ta yi zafi, a kawo haraji. Mai ya yi tsada, wuta ta yi tsada, yanzu kuma numfashin inji za a biya wa. In suka ga an saba, na hancinmu za su dawo.”

Malam Idi yana zaune a bakin ƙofa da carbinsa, ba ya ɗaga murya. Ya ce, “Hamisu, kai ɗan birni ne. Garinmu ina yaro akwai kurmin da ake hana mu shiga saboda kura. Yanzu in ka tsaya a wurin kana hango garin gaba. Gonar mahaifina rairayi ya binne ta har da kan iyaka. Me kake jin ya kawo ni nan ina buɗe wa mota ƙofa?”

“Ikon Allah ne ya kawo ka.”

“Ikon Allah ne. Amma gatarin a hannunmu yake. Ni da kaina na sari na sara.”

“To ka biya harajin, sai rairayin ya tattara ya koma.”

“Ban ce a biya ba. Cewa na yi kada ka ce ba a yi komai ba.”

“Wannan sare itace ne, Malam. Su cewa suke janaretana ne ya hana ruwa sauka a Tasawa.”

“Janaretanka ko a nan ya hana mu jin kiran salla, ina abin mamaki don ya kai Tasawa?”

Malama Zainab ta shiga tsakani. Yarinya ce mai ladabi, ta yi mana bayani a hankali. Ta ce hayaƙin da ake ƙonawa a duniya duka yana taruwa a sama, ya zama kamar mayafi, zafin rana ya shigo ya kasa fita. Ta ce masu ilimin abin sun daɗe suna aunawa, kuma kusan dukansu bakinsu ɗaya. Hamisu ya ce masu ilimin wa yake biyan su albashi. Ta ce shi wa yake biyan sa, ai mai dizal bai taɓa cewa dizal na da laifi ba. Malam Idi ya yi dariya har carbinsa ya faɗi.

Sai ta juyo gare ni. “Inna, ku me kuka gani? Kun fi mu daɗewa a wurin nan.”

Na ce, “Miyata tana lalacewa da wuri fiye da da. Wannan na sani.”

Hamisu ya ce, “Inna, kada ku ba su ƙofa.”

Na ce, “Ban gama ba. Lokacin da take kai la'asar, rumfar nan ta zana ce, yanzu ta kwano ce. Akwai tsamiya biyu a nan da gawo a can, an sare an yi wurin ajiye motoci. Ko duniya ce ta ɗumama, ko Challawa ce, ni ban zagaya duniya ba. Amma ke Malama, tunda kin ce hayaƙi ne, wancan fa?”

Na nuna mata bututun kamfani. Tun safe yake aman baƙin hayaƙi, kaurinsa ya kai gindin kuka.

Ta dube shi, ta sunkuyar da kai. Ta ce, “Wancan ma ana maganarsa, Inna. Amma shi sai an yi taro, an kawo injiniya. Naku ne aka ce a gama da shi a wannan makon.”

Na ce na gode da ta faɗi gaskiya.

Ruwa ya tafasa, Rabi ta yi talge. Tun daga nan na ga alama. Wutar gas wuri ɗaya take duka, tsakiyar gindin tukunya, ba ta rungumar ta kamar ta itace. Talgen yana kamawa a tsakiya, gefe bai dahu ba. Ta rage wutar, iska ta kashe. Ta kunna, ta ƙara, ƙauri ya fara tashi. Duk da haka da an lallaɓa da an ci. Ta zuba gari, ta gyara zama, ta kama muciya. Sai na ga ta miƙa ƙafar dama tana neman abin dafawa, yadda ta saba tun tana budurwa.

Na ce, “Rabi, wannan ba dutse ba ne.”

Ta ce, “Na sani, Inna.”

Kanta ya sani, ƙafarta ba ta sani ba. Ja na farko lafiya, na biyu lafiya. Da tuwon ya fara tauri ta sa ƙugu, ta dafe ƙafar murhun, ta ja. Murhun ya tafi gaba, tukunya ta taho baya. Allah Ya kiyaye, ta yi tsalle gefe, ɗan yatsan ƙafa kawai ya samu rabonsa. Tukunya ta kwanta a ƙasa, fiye da rabin tuwon ya malale a kan rairayi yana tururi. Malam Idi ya ruga ya rufe silinda. Akuyar mai faci ta matso ta tsaya a gefe tana jira ya huce.

A daidai nan jiniya ta kaɗa.

Abin da ya rage a tukunya na kwashe da mara, na yanke inda ya ƙone, na raba ƙanana ƙanana. Na fara da masu ɗaukar jiƙaƙƙiyar fata. Sauran na gaya musu babu. Tun da na gaji wurin nan ban taɓa faɗin wannan kalma ƙarfe ɗaya na rana ba. Suka tsaya jim da kwanukansu, suka dubi tuwon da yake ƙasa, suka juya suka nufi ƙofar gaba. Mai shinkafa da wake har da miƙewa tsaye tana gyara musu benci. Na bi su da ido na ga waɗanda suka tafi, don in san fuskokin da zan nema gobe.

Da aka watse, Rabi tana zaune ƙafarta a cikin bokitin ruwa, Malama Zainab ta matso. Ta ce za ta roƙi manya a ƙara mini kwana biyu a sake gwadawa, ko a sa mai walda ya ƙarfafa ƙafafun murhun.

Na ce, “Ko an ƙarfafa, da me zan sulala? Tuwo bayan tuƙi garwashi yake so, a sama da ƙasa babu harshen wuta. Kuma kwana biyu irin na yau, ba sai kun tashe ni ba, na tashi da kaina. Karanta mini takardar nan. Duka, kada ki tsallake.”

Ta karanta. An hana kunna itace ko gawayi a cikin harabar kamfani da bakin ƙofarsa.

Na ce, “Panshekara tana ciki?”

Ta sake dubawa. “Babu Panshekara.”

“An ce wani abu a kan tuwon da ya zo da zafinsa daga wani wuri?”

“Ba a ce ba.”

“To ki gaya musu na karɓi gas. Miya a nan za a yi ta, baƙinku su zo su ɗauki hoto. Tuwo a gida zan tuƙa, in zuba a kula, a-daidaita-sahu ya kawo ni.”

Hamisu ya tafa hannu. “Shi ke nan! Inna ta gano yadda Turawan suke yi. Ka kai hayaƙinka garin wasu, ka dawo da takarda fara tas. Ga kuma hayaƙin a-daidaita an samu ƙari.”

Malam Idi ya ce, “Inna, sama dai ɗaya ce.”

Na ce, “Na sani, Malam. Ni ba sama aka ce in gyara ba, bakin ƙofa aka ce. In suna son sama, ga bututu can, sun san inda yake.”

Malama Zainab ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce ita ba haka take so abin ya kasance ba. Na ce ni ma. Ta ce akwai wani murhun laka da ake ginawa, mai rufaffen gefe, yana cin itace kaɗan, in ina so za ta kawo wanda zai nuna mini. Na ce ya zo, amma ya gina shi a kan duwatsuna, kuma ya bar gajeren a inda yake. Ta rubuta wani abu ta koma ciki. Kafin la'asar ta aiko Malam Idi ya ce manya sun yarda.

Ku da kuke cewa a dafa a zuba, yanzu aikin ya zama biyu. Tuƙi a gida, miya a kamfani, kuma tuwon da ya yi tafiya ba ya yafe wa wanda ya kwashe shi da gaggawa. Sai ya sulala sosai, a malmala da zafinsa, a jera a kula, a rufe da tsohon bargo. In kika yi sake ya yi gumi, ya saki, mai ɗaukar fata zai gane tun a loma ta farko.

Da yamma Hamisu da Malam Idi suka taya ni tone duwatsun. Sun nutse a ƙasa fiye da yadda na zata. Suna ɗorawa a a-daidaita-sahu suna ci gaba da musu, ɗaya yana cewa ƙaryar Turawa ce, ɗaya yana cewa a je Tasawa a gani. Na ce su yi a hankali da gajeren.

Washegari bayan sallar asuba na kafa su a tsakar gida, dogaye biyu a gaba, gajere a inda zan zauna. Na jera kirya, na hura wuta, na ɗora tukunya. Rabi ta fito tana ɗingishi za ta karɓi muciya, na ce ta je ta wanke kula. Kafin ruwa ya tafasa na miƙe na tsaya na ga inda hayaƙin zai nufa. Ya tashi ya haye katanga, ya ɗan yi jim, ya kama hanyar Challawa. Zai riga ni isa. Na koma na zauna, na dafe dutse da ƙafa, na fara tuƙi.